Samanja Mazan Fama: Ɗan Sarkin Nufawa da Hausar Bariki

Ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023 muna zaune a majalisarmu bayan la'asar, sai wani ya duba wayarsa ya ce, "Inna lillahi, Samanja ya rasu." Duk wanda ya haura shekara hamsin a wurin sai da ya yi salati. Yaron da ke kawo mana shayi ya tsaya da tire a hannu ya ce, "Baba, wane samanja? Na barikin Nguru?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba. Tun ranar nake cewa sai na rubuta wani abu a wannan mujalla tamu, don yaran unguwa su san mutumin da ya sa iyayensu da kakanninsu barin tuwo yana hucewa a kwano.

Sunansa na yanka Usman Baba Pategi. An haife shi ranar 20 ga Mayu 1942 a garin Pategi, wanda ke cikin Jihar Kwara a yau, a gaɓar babban kogin Kwara. Mu mutanen Gashuwa ba sai an yi mana dogon bayani a kan irin wannan gari ba: gari ne na ruwa da kifi da kwalekwale da shinkafa, har bikin tseren jiragen ruwa suke yi, kamar yadda Badawa ke da nasu bikin kamun kifi. Banufe ne gaba da baya, kuma ɗan sarki, domin mahaifinsa shi ne Etsu Usman Patako, sarkin Pategi. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce midil a Ilori, daga nan ya tafi Kaduna wurin wani kawunsa. Ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka, sannan ya samu shiga gidan rediyon Arewa. Wannan gida shi ne wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, rediyo da talabijin a haɗe, wanda har gobe muke kira Rediyon Kaduna.

Yana can aka shiga yaƙin basasa, wanda ya fara a Yulin 1967 ya ƙare a Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan Nijeriya duka-duka bai fi mutum dubu 10 ba. Kafin a gama sun kai wajen dubu 250. Wato an kwashi samari daga ko'ina, daga kasuwa da gona da ofis, aka aske musu kai aka ba su kaki. Usman na cikin waɗanda suka shiga soja a wannan zamani, ya yi horo a makarantar sojan sadarwa da ke Apapa a Legas, kuma bai tuɓe kaki ba sai a 1985. Jaridu sun ruwaito cewa sarautar gidansu ta zo kusa da shi, ya bar wa ɗan'uwansa ya ci gaba da wasansa. Ku tuna a wancan lokaci ɗan wasan kwaikwayo ba shi da wata daraja a idon dattawa, ana lissafa shi ne tare da maroƙa da 'yan kama. Ɗan sarki ya bar rawani ya zaɓi wannan, ai sai mai taurin kai.

To mene ne samanja? Sajan manjo ne bakin Bahaushe ya tauna ya fitar da shi haka, kamar yadda ya tauna sauran: kofur, saje, laftana, kyaftin, hafsa, kurtu, fareti, gadurun. A bariki samanja shi ne ƙololuwar ƙananan sojoji. Ya fara daga kurtu, ya sha rana, ya sha horo, ya hau mataki-mataki har ya zama shi ne mai filin fareti. In ya daka tsawa, kurtu sai ya ji cikinsa ya juya. Amma wannan dattijo mai gashin baki da sanda a hammata, in ya hango laftanan da aka yaye jiya daga makarantar hafsoshi, yaron da bai kai sa'an ɗansa ba, dole ya ƙame ya sara masa. Mutum ne da ke tsakiya, yana taka na ƙasa, na sama na taka shi. In ya koma gida kuma ga iyali, waɗanda ba su san wata oda ba, ga bashin mai kanti, ga albashi da ba ya kai ƙarshen wata. A ganina duk gwanintar Usman Baba Pategi tana cikin wannan zaɓi da ya yi. Da ya fito a janar, da ba wanda zai yi dariya, don ba mu san janar ba sai a hoto. Da ya fito a kurtu, da tausayi za a ji. Samanja kuwa kowa na da irinsa: hedimasta da ke rawar jiki gaban sufeto, mai unguwa gaban hakimi, maigida da ke zare ido a zaure ya shiga ciki ya yi laushi.

Shirin ya yi tashe a rediyo da talabijin na Kaduna a shekarun 1970 da 1980. Mu nan Gashuwa, gaskiya, rediyo ne ya fi kawo mana shi. Akwatin talabijin a lokacin sai gidan wane da wane, ko shi ma hoton sai ya ga dama. Amma Rediyon Kaduna a gajeren zango har cikin kwalekwalen masunta yana shiga. Na tuna rediyon mahaifinmu mai rigar fata, da yadda ake shanya batir a rana wai don ya ƙara ƙarfi. In muryar nan ta tashi, mata na leƙowa daga madafa, almajirai na tsayawa a ƙofar gida da ƙoƙonsu, an manta da bara. Mun daɗe muna jin muryarsa kafin mu ga fuskarsa, kuma da muka gan shi daga baya, bai saɓa da wanda muka zana a zuci ba. Akwai wani a cikin shirin da ake kira Mutuwa Dole, sunan kawai ya isa ya gaya maka irin duniyar da ake ciki.

Abin da ya fi riƙe mu shi ne harshensa, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Samanja ba ya Hausar Kano ko ta Sakkwato. Hausar bariki yake yi, wadda malaman harshe ke kira Barikanci, ya gauraya ta da Turancin soja da buroka. Wannan Hausa tana da tarihi mai tsawo. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wata 'yar runduna a Legas da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga irin waɗannan rundunoni ne sojan Nijeriya ya samo asali. Da Lugard ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ce harshen da ake magana da ƙananan sojoji, har hafsoshin Turawa sai sun ci jarrabawar Hausa. Amma yawancin waɗanda suka cika bariki ba Hausa suka tsotsa ba. Akwai Tibi, Angas, Bacama, Dakarkari, Barebari, da mutanen ƙasar Cadi. Kowa ya zo da harshen uwarsa, aka haɗu a Hausa, sai Hausar ta sauƙaƙa kanta. Namiji da mace duk "ya" ne. Ƙa ta koma ka, ɗa ta koma da. Jam'i in an samu a yi, in ba a samu ba a wuce. Da wannan Hausa aka je yaƙin Boma a yaƙin duniya na biyu, da ita mazan jiya suka dawo ƙauyukansu suna ba da labarin daji da Japanawa.

Usman Baba Pategi ya ji wannan harshe da kunnen wanda shi ma koyon Hausa ya yi. Ya san inda baƙon harshe ke tuntuɓe domin ya bi hanyar. Shi ya sa in ya karya Hausa ba ya karya ta barkatai. Yana karya ta daidai inda sojan gaske zai karya, ya sako Turanci daidai inda samanja zai so ya nuna wa farar hula cewa shi fa ya waye, ya koma Hausa tsantsa in abin ya zo kan kuɗi ko rigimar gida. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka shirme ne kawai. Ku gwada kwaikwayonsa na minti biyar ku gani, yawancinmu da muka gwada a makaranta ihu kawai muke yi.

Wani abin kuma, wasannin wancan zamani galibi ba a rubuta su kalma-kalma. A zauna a tsara labari, a ce kai za ka shigo ka tarar da kaza, ke za ki ce ba ki yarda ba, sauran kowa ya ji da bakinsa. Wannan sai wanda ya iya zance, ya kuma iya sauraron abokin wasansa. Ba daga sama abin ya faɗo ba. Kafin rediyo muna da tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon tsoho da malami da maigida. Muna da 'yan kama, masu ɗaukar muryar wa'azi su yi ta a kan tuwo da miya. Akwai wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa, sarkin na kallo yana murmushi. Bahaushe ya daɗe da ware wani fili inda ake taɓa babba a yi dariya ba a ɗaure kowa ba. Da boko ya zo sai aka fara rubutawa: Abubakar Tunau ya yi Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. A Kaduna kuma aka samu gwanaye irin su Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda Usman ya yi aiki tare da shi. Sa'o'insa su ne su Ƙasimu Yero na Karambana, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2017, da Karkuzu na Bodara a Jos. Kowannensu ya kama hali guda ya riƙe shi shekara da shekaru, har sunan wasa ya cinye sunan yanka. Mutum nawa ne a unguwar nan suka san Samanja sunansa Usman kafin ranar da aka yi sanarwar rasuwarsa?

Sai a tuna a wane zamani yake wannan wasa. Soja ne ke mulki daga 1966 zuwa 1979, suka dawo a ƙarshen 1983 ba su tafi ba sai 1999. Waɗanda suka ga 1984 sun tuna yaƙi da rashin ɗa'a, da layin sayen sabulu da madara, da bulala, da tsallen kwaɗo a bainar jama'a. A shekarar ce aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin doka ta 4. Talaka in ya hango kaki sai ya canja hanya. A cikin wannan hali, a gidan rediyon gwamnati da talabijin ɗin gwamnati, ga wani sanye da kaki ana yi masa dariya daga Sakkwato har Maiduguri.

Kada mu zuzuta abin ya wuce yadda yake. Wasan Samanja na bariki ne da cikin gida, bai hau kan masu juyin mulki da masu rabon arzikin ƙasa ba, kuma da ya hau da ba a bar shi ya kwana ba. Har ma ana iya cewa sojan sun ci riba da shi, don ya nuna su a matsayin mutane masu ciwon kai irin na kowa, a lokacin da suke bukatar a gan su haka. Wani abokina, tsohon malamin makaranta, har yau yana cewa Samanja ya wanke wa soja fuska ne kawai. Ban yarda da shi duka ba. Yaron da ya yi dariyar samanja da daddare, in gari ya waye ya ga soja a tasha zai ji tsoro, amma ya riga ya san cewa a ƙarƙashin hular nan akwai mai bashin kanti. Wannan sani ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka shekara kusan talatin ana ba ta oda.

Yanzu bari in zo gida, don wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Mu Hausawan Gashuwa da Nguru baƙi ne da muka zama 'yan gari. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kakanninmu suka biyo shi, wasu kuma tun kafin nan da jakuna da raƙuma, suna neman gyaɗa da ƙaro da fata da kanwa da busasshen kifi. Badawa da Mangawa suka ba su wurin zama. Yau a Gashuwa har mazaɓa akwai mai sunan Sarkin Hausawa, ga Zango. Harshenmu ya zama na kasuwa da tasha da makaranta, har ta kai yaran Badawa da yawa a cikin gari sun fi sakewa da Hausa a kan Badanci. Masana sun ce Badanci da Hausa 'yan gida ɗaya ne a asali, dangin harsunan Cadi, kuma wani Ba'amurke, Farfesa Russell Schuh, ya yi shekaru yana aiki da mutanen nan har aka fitar da ƙamus na Badanci. Mu da muke kwana muna tashi da su, mutum nawa ne a cikinmu zai iya gaisuwar safe da Badanci? Ni kaina da ke wannan rubutu, abin da na iya bai wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma a nan aka yanke mini cibiya.

Amma in dattijon Babade ko Bamange ya zo rumfarmu ya ce wa mace "ya zo", sai mu ƙyafta wa juna ido. Muna yara har "Samanja" muke kiran irin waɗannan dattawa a bayan idonsu. Sai da na girma na gane mun juya abin a baibai. Mutumin da muke ara sunansa don mu yi wa baƙon harshe dariya, shi kansa Hausa ba harshen uwarsa ba ce. Ya koye ta har ya fi mu sanin lungunanta, ya san ta sarai sannan ya karya ta da gangan, ya ci abinci da ita, ya kuma yi mata hidimar da mu masu ita ba mu yi ba. Hausa ta yaɗu ne a bakin irin waɗannan mutane, sojan Tibi da direban Bayarabe da masuncin Babade, waɗanda suka ɗauke ta suka kai inda Bakano bai taɓa takawa ba. Shi kuma dattijon da ke cewa "ya zo" yana jin harshe uku, Badanci da Barbarci da Hausa, mai yi masa dariya yana da ɗaya.

Bayan ya bar soja Usman ya ci gaba da aikin wasa a gidan rediyon tarayya na Kaduna. Amma zamani ya riga ya fara juyawa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe, aka koma soyayya da waƙa da rawa irin ta Indiya. Barkwanci ya koma hannun su Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma ya rasu a Disambar 2014. In ka lura da yadda Ibro ke shiga rigar ɗan sanda ko ta wani ɗan ƙabila ya karya harshe, za ka ga sawun su Samanja a ƙasa. Bambancin shi ne 'yan bidiyo sun samu kasuwa, ana sayen kaset ana biyan su ko yaya ne. Mutanen rediyo da talabijin na da ma'aikata ne, albashi ko ɗan alawus suke karɓa, wasan kuma mallakar gidan da ya ɗauka ne. Sunan da ya cika Arewa bai zama dukiya ba. Ya yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Kaduna yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ya rage a hannun jama'a daga duk waɗannan shekaru na wasa ɗan kaɗan ne, wasu guntaye da ake samu a YouTube, hoto dishi-dishi, murya na shiga tana fita. Na san a unguwar nan akwai gidajen da ke da tsofaffin kaset a cikin adaka ko a kan silin, waɗanda iyayenmu suka naɗa daga rediyo. Zafin Gashuwa da ƙurarta ba sa barin kaset ya daɗe. Duk mai irin wannan, don Allah kada ya bari yara su zare zaren su yi wasa da shi, ya kawo a ba samarin da suka iya kwamfuta su juye, ko muryar Samanja ce, ko ta wani mawaƙi, ko wa'azin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya.

Shi kuwa yaron mai shayi, a daren nan na sa jikana ya nemo masa guntu ɗaya a waya. Ya zauna a bakin benci ya kalla har ƙarshe, ya sake mayarwa. Da farko bai yi dariya ba, yana ta tambaya me ya sa mutumin ke magana haka. Can sai na ji ya tuntsire. Washegari da ya kawo shayi, sai ya tsaya a gabana ya buga ƙafa a ƙasa, ya ƙame, ya sara mini da hannu ɗaya, tiren na rawa a ɗaya hannun, har rabin shayina ya zube.